Yarinyar da Kaka Ta Ƙi Faɗin Sunanta

Mu 'yan unguwar Utaibiyya ta Makka zafi muka sani, sanyi kuwa sai a labari. Shi ya sa shekarar da Baba ya aro karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, ya ce za mu kwana biyu a duwatsun hanyar Ɗa'if, muka dinga tsalle kamar ranar Idi. Kaka Azumi, mahaifiyarsa, ita kaɗai ta ƙi murna. Dama ba ta yarda da komai, ko maganin asibiti sai ta shinshina. Ta zagaya karafan ɗin sau biyu, ta latsa robar bakin ƙofa, ta ce wannan ai akwati ne, iska ba ta da hanyar shiga.

Da magariba sanyi ya sauko, irin mai cizon kunne. Muka kewaye kaskon gawayi a waje, shayi na tafasa. Baba ya ce in an yi isha'i zai shigar da kaskon ciki, a rufe tagogi ruf, kowa ya ji ɗumi. Kaka ta dube shi, ta dubi garwashin, sai ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan ta zo mana.

Tun farko na ji tatsuniyar ba daidai take ba. Babu kura, babu waƙa. Wasu matafiya ne, miji da mata da 'yarsu ƙarama, suka taso a ƙafa za su Makka. Sanyi ya riske su a wani gari a Sudan, aka ba su ɗakin ƙasa marar taga. Uwar, don tausayin 'yar, ta shigo da garwashi, ta toshe ƙasan ƙofa da zane. Sai wani baƙo ya taso daga cikin wutar, ba sallama, ba wari, ba inuwa. Ya shafa kan kowa, barci ya yi daɗi. Da safe maƙwabta suka ɓalle ƙofa suka jawo iyayen, suka farfaɗo da ciwon kai. Yarinyar ba ta tashi ba.

Ni kuwa na yi gadon rashin yardar Kaka. A tatsuniyoyinta har akuya sai ta raɗa wa suna, don haka na ce, "Kaka, ya sunan yarinyar?"

"Ba ta da suna."

"Kowa fa yana da suna."

"Halas, ya isa haka, sha shayinki."

Ko ƙurunƙus ba ta yi ba. Ta juya ga Baba ta ce, "Habibu, wutar nan a waje za ta kwana. In ka shigar da ita, to ni ce zan kwana a waje." Baba ya fara dariya, ya ga fuskarta, ya fasa. Ya kwara wa kaskon ruwa. Muka kwana cikin barguna, taga a buɗe faɗin yatsa huɗu, haƙorana na kaɗawa, ina jin haushin tsohuwar nan har zuciyata.

Kaka ta daɗe da rasuwa lokacin da na haifi ɗana na fari. Wata rana ina ƙwala masa kira, surukata ta yi mini tsiya, wai a zamaninsu mace ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce. Sai na tuna wani abu. Kaka, mai riƙon al'ada kamar me, kullum gatsau take kiran Habibu, alhali mun ɗauka shi ne na farinta.

Na je na tambayi Baba. Ya juya carbi, ya ce yana da yaya da bai taɓa gani ba, kabarinta na wani gari a Sudan. Shi ma bai taɓa jin sunanta ba.

Yanzu in sanyi ya zo, mu ma mukan ja karafan mu hau dutsen. Wuta na kwana a waje, taga a buɗe, yara na ƙunƙuni. Sai in ba su labarin matafiyan. Bara ƙaramarsu ta tambaye ni sunan yarinyar. Na so in faɗa mata, wallahi, amma ba ni da shi.