Zanen Gadon da Baba Mai Bula Ya Ƙi Wankewa

Shekara talatin da ɗaya, kafin ya jiƙa ko hankici, Baba Mai Bula mai wanki da guga sai ya shanya farin ƙyalle a igiya, ya koma kan shayinsa. In toka ta sauka a kai, ya san daji na ci da wuta a wani wuri. Mu 'yan unguwa kuwa ba abin da muka iya sai tsokana, muna ce masa hukumar hasashen yanayi.

Yawon karɓar wanki ne ya koya masa abin da ya fi mu sani. A kan tudu hayaƙi wucewa yake, a unguwar kwari kuwa kwanciya yake yi. Gidan mai asma ma ya san shi, daga warin man shafawa a rigar matashin kai.

Bara, wata rana da hantsi, ƙyallen ya yi baƙi kafin shayin ya huce. Baba ya haye keke da ƙunshin guga a baya, ya gangara kwari wajen wata tsohuwa mai asma da kowa ke kira Iya. Ya same ta a bakin gado, ƙirjinta na fito, ɗanta ya wangale tagogi yana mata fifita.

"Rufe tagar nan!" in ji Baba.

"Haba Baba, iska take nema."

"Wace iska? Guba kake ɗebo mata, ɗan nan. Ina abin shaƙarta?"

Maganin saura ƙiris. Baba ya kori ɗan ya nemo mota, ya kwance ƙunshin, zannuwan gadon mutane farare tas, ya tsoma su a bokiti, ya toshe ƙasan ƙofa da kowace kafar taga. Sannan ya durƙusa gabanta.

"Iya, dube ni. Ja a hankali. Saki."

Ba ta iya magana, sai riƙe masa hannu da ta yi kamar za ta karya shi. Tsoro ya kama shi, shi da bakinsa ya faɗa. Minti arba'in suna haka kafin motar ta iso, aka hau da ita asibitin kan tudu, gilasai a rufe.

Baba, kai ne ka ɓata wankin kwana biyu ba ka ko waiwaya ba. Kai ne ka bi gida gida kana ba masu zannuwa haƙuri, ka roƙi a bar maka guda. Yau da hannuwanka suka gaza matse wanki ka ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka. Mu da muka rage, in sama ta yi ja, mu rufe tagogi, mu tuna gidan wa ke kwari.

Iya ta zo taron sallamar Baba da ƙafarta. Shi kuma ya zo da zanen gadon nan da ya roƙa, a naɗe. Wani ya tambaye shi me ya sa mai wanki zai ajiye zane da dauɗa shekara guda. Baba ya warware shi, baƙin layi ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe.

Ya ce, "Wannan da a ƙirjin Iya yake."