Dattin da Na Goge a Kwamfutar Matata

Ko na manta da komai a zaman aurena, ban ga ranar da zan manta da gyaran da na yi wa kwamfutar matata ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne a Zongon Kumasi. Ba yabon kai ba, teloli tun daga unguwar Sofoline har Atonsu ni suke kawo wa kan keke in ya ƙi. Masta suke ce mini. Illar sunan nan ɗaya ce: in aka daɗe ana kiran mutum da shi, sai ya fara zaton duk abin da ke da sukuru a duniya almajirinsa ne.

Matata kuwa nas ce, ta koma karatun ungozoma bayan haihuwarmu ta uku. Yayanta ya aiko mata da tsohuwar kwamfuta irin mai akwati, a cikinta take rubuta aikin binciken da za ta gama karatu da shi. Ta kafa doka a gida cewa kallo kyauta ne, amma ba mai taɓawa. Ni na ɗauka da yara take.

Damuwata da kwamfutar nan ƙara ce. Da an kunna ta sai ta kama gurnani kamar injin niƙan masara. A sana'ata kuma, ƙarfe ba ya kuka a banza, ko ƙura ce ko ƙishin mai. Wata Asabar matata tana aikin safe, yara sun tafi makarantar Islamiyya, sai na ɗauko sukudireba da buroshi da kwalbar man keke, na ce bismillah.

Da na buɗe akwatin na ga ƙura ta yi katifa a ciki. Na share tas. Na sami fankar da ke kukan, na ɗiga mata mai. Da a nan na tsaya, da yau labarin bajinta nake ba ku. Amma sai na ga fankar tana zaune a kan wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, an kafe shi da ƙafafu huɗu na roba. Na murɗa, na ciro shi. A ƙarƙashinsa ga wani ɗan faranti mai kusurwa huɗu, an dame samansa da wani abu toka-toka mai danƙo.

Na ce, "Subhanallahi, ga ciwon nan! Turawa da ƙazanta."

Na jiƙa tsumma da kananzir na goge shi har ina ganin fuskata a ciki. Wajen mayarwa ƙafa ɗaya ta ƙi shiga, na danna ta da ƙarfi ta ce ƙas. Na ce uku ma sun isa. Na kunna, shiru kake ji. Ban bari ta yi minti biyu ba na kashe, na wanke hannu, na zauna ina jiran yabo.

Bayan la'asar matata ta dawo, ta ci abinci, ta zauna gaban kwamfutarta. Ta karkata kunne ta ce, "Ikon Allah, yau kuma ta yi shiru?"

Na gyara zama, na buɗe baki zan ce aikin Masta ne, sai allon ya yi baƙi ƙirin. Na mayar da bakina na rufe.

Ta sake kunnawa. Minti biyar, ta mutu. Ta sake, wannan karon ko uku ba ta kai ba. Ranar Laraba za ta miƙa aikin, kuma kwafin da ke cikin filas ɗinta, ɗan abin ajiyar da ake soka wa kwamfuta, na wata biyu baya ne. Ta juyo ta ce, "Maigida, me kake gani?"

A nan ne na yi abin da ya fi gyaran muni. Na ce, "Wutar nan ce ba ta da ƙarfi kwana biyu."

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki goma sha, mitar wuta ɗaya. Akwai wata Hajiya dattijuwa a ɗakin da ke kallon namu, mai sayar da sobolo, wato zoɓo, da ƙanƙara, a satin nan ta sayo sabuwar firiza. Kafin in tsayar da matata ta zura takalmi ta nufi ɗakin Hajiya. Ina jin muryarta tana hawa, ita da ba ta taɓa ɗaga wa babba murya ba. Hajiya ta bari ta gama, sannan ta ce, "'Yata, in dai firizata ce za ta hana ki zama ungozoma, na kashe ta. Je ki yi karatunki."

Ta kuwa kashe. Ranar Lahadi ina zaune a ƙofar ɗaki, ruwan ƙanƙarar Hajiya yana malalowa ta tsakar gida, ya bi ta gaban ƙafata ya shiga kwata. Sobolonta ya yi ɗumi, masu saye suna zuwa suna komawa. A cikin ɗaki kwamfuta tana ta mutuwa kamar jiya, matata ta haɗa kai da tebur tana kuka ba sauti. Sau uku ina tashi in faɗi gaskiya, sau uku ina zarcewa wurin buta in yi alwalar da ba lokacinta ba.

Litinin da safe na rungumi akwatin ni da matata muka shiga trotro, motar haya, zuwa unguwar Bantama, wurin wata mai gyara da abokiyar aikin matata ta kwatanta. Mace ce, Ba'asantiya, da ɗan tabarau a kan hanci. Kusa da Zongo ta tashi, tana jin Hausa, sai dai a Hausarta komai namiji ne. Ta buɗe akwatin, ta sunkuya, ta shinshina, ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa. Idonta ya tsaya a farcena, inda baƙin mai bai taɓa fita ba.

Ta ce, "Wofa, wa ya ba shi kananzir?" Wofa kawu ke nan a Twi, yarensu, amma yadda ta faɗe shi ba girmamawa na ji ba.

Na ce, "Wane kananzir?"

Ta taɓa ƙarfen mai haƙora da ɗan yatsa, ya yi rawa. Ta ciro shi, ta nuna wa matata farantin yana ƙyalli. "Anti, duba. Wannan shi ne ƙwaƙwalwa. Yana zafi ƙwarai. Akwai wani man da ake shafa mashi, shi yake kai zafi wurin wannan ƙarfe, fanka ya hura. Wani ya wanke shi fes. Kuma ya karya ƙafa ɗaya. Ei, mutumin nan yana da tsafta paa!"

Matata ba ta dube ni ba. Ta ce, "Aikina fa?"

"Yana nan. In zafi ya yi yawa, kwamfuta yana kashe kansa don kar ya ƙone. Ya fi wasu mutane hankali."

Ta ɗauko wata 'yar sirinji, ta ɗiga irin dattin da na goge, bai wuce ƙwayar wake ba. Ta sa sabuwar ƙafa, ta ɗaure, ta kunna. Muka zauna muna kallo. Minti biyar, goma, rabin awa. Matata ta buɗe aikinta, ga shi nan har layin da ta tsaya. Ta rufe fuska da mayafi tana alhamdulillahi. Matar ta sa ta kwafe shi a filas nan take, ta ce ta riƙa yin haka kullum kafin ta tashi. Sannan ta ƙara da cewa, "Amma wanda ya share ƙura, ya sa wa fanka mai, ya iya aiki."

Ban san lokacin da na ce "Na gode" ba.

Ai kuwa su biyun suka juyo suka dube ni. Sai matar ta kwashe da dariya har tana riƙe tebur.

Muka shiga trotro za mu koma gida. Na ce, "Wallahi taimako na yi niyya." Tana kallon taga ta ce, "Na sani. Gyaran na yafe tun a shago. Amma kana zaune na je na yi wa sa'ar uwata rashin kunya. Ba ni za ka fara ba haƙuri ba."

Da akwatin a hannu na yi sallama a ƙofar Hajiya. Na durƙusa na faɗi komai, matata tana bayana ita ma tana neman gafara. Hajiya ta saurara, ta tashi ta kunna firizarta, ta dawo ta zauna. Ta ce, "Ba komai, Masta, Allah Ya yafe mana. Alfarma ɗaya nake roƙo. In ka ji firizar nan tana ƙara, don girman Allah ka bar ta ta yi ƙararta."

Kafin magariba duk gidan sun ji, kafin Juma'a har teloli sun ji. Matata ta miƙa aikinta ranar Laraba, yau ungozoma ce.

Abin da na koya shi ne, kafin ka cire abu daga inda ka same shi, ka tambaya me ya sa aka ajiye shi a wurin. In kuma hannunka ya riga ya yi ɓarna, ka faɗa da bakinka tun da zafinta. Kwamfutar da na lalata, ɗigo ɗaya ya gyara ta. Shirun da na yi kuwa, mutum biyu da ba su ji ba su gani ba ne suka kwana biyu suna shan wahalarsa.