Mai Hular Kwano a Ɗakin Jira

An ce jirginmu sai nan da awa huɗu. Kowa na tsaki, ban da mutumin da ke gefena. Ina jin magini ne, don siminti ya cinye masa tafin hannu. Ya rungume hular kwano yana goge ta da bakin riga.

'Yarsa ta kira shi a waya. "Lafiya lau, uwata," in ji shi. "Hutu suka ba ni."

Ya kashe wayar, ya ga ina kallonsa.

"Sallamata aka yi daga aiki, ɗan'uwa, bayan shekara sha tara. Muddin ina zaune nan, a wurin iyalina ni ma'aikaci ne."

Ya ɗaga kai ya dubi allon jirage. "Allah ya sa su ƙara awa ɗaya."