Faifai biyu na Yaya Hajo

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayata Hajo, mai bandar kifi a bakin tafkin Madarumfa. Har yau in na ji ƙamshin hayaƙin banda sai zuciyata ta karye.

Ta fara sana'ar da tarwaɗa da ƙarfasar tafkinmu, kuma da ita ta riƙe marayunta biyar bayan rasuwar mijinta. A cikin shekarun casa'in ruwa ya ja baya, masunta suka riƙa dawowa da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. A lokacin ne kifin kwali ya fara iso mana daga Maraɗi, daskararre cikin ƙanƙara. Ranar da ta fara sayensa, haka ta jera shi kan wuta da ƙanƙararsa, don ba ta taɓa ganin kifin da ake jira ya saki jiki ba. Ya dagargaje, ta zauna tana dariya har da hawaye. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Cikin mako biyu ta gane kansa.

Ni malamin makaranta ne, “Mushe” kamar yadda ake kiran malamai a nan Nijar, ni ke karanta mata jikin kwalayen. Da fari Holand da Muritaniya ne, daga baya Sanagal ta shigo. Takan girgiza kai, wai kifi ya fi ta ganin duniya. Yau kuwa har ƙarfasa daga ƙasar Sin ake kawowa. Da tana raye, na san sai ta tambaya ko su can ba su da masu ci.

Masu saye dai na tafki suke so, na kwali sai dole, ciniki ya yi ta ja baya. Ni da ilimina na ba ta shawarar da nake jin kunyarta har gobe: ta gauraya su, tunda hayaƙi ya rufe asiri. Ta dube ni ta ce, “Mushe, kai ka iya karatun kwali. Ni hwuskar mutane nika karantawa, kuma gobe ma su zan gani.” Sai ta ajiye faifai biyu, na tafki dabam, na kwali dabam. Wasu suka koma wurin masu gaurayawa, yaranta suka sha kwana da fura zalla. Na yi fushi da ita a lokacin, ban kuwa nemi gafararta ba har zazzaɓi ya ɗauke ta.

Hausawa na cewa tsira da mutunci ya fi tsira da kaya. Kaya dai ba ta bari ba. Amma ɗiyarta Rabi na nan a wurin bandar, kuma kusan duk abin da take sayarwa daga teku yake. Ranar kasuwar da ta wuce na tarar da faifan tafki a gabanta wayam, na ce ta ɗauke shi mana. Ta ce, “A'a Kawu, bar shi nan. Mai saye ya gani da idonai, yau ba mu da shi.”

Allah Ya jiƙan Hajo, ni kuma Ya yafe mini.