Anti Labake, Wadda Ta Ƙi Goge Muryar Tsohuwa

Ƙarfe bakwai da rabi Anti Labake take ɗaga ƙofar shagonta na gyaran kwamfuta a Agbowo, nan Ibadan. Ta yi shara, ta jera sukundirebobinta daga ƙarami zuwa babba, sannan ta jira in iso shagona da ke kusa da nata wajen ƙarfe tara ta ce, "Mai ɗinkin littafi, sannu da sammako." Shekara goma sha tara ina shan wannan baƙar magana. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, don idonta ya daina ganin ƙananan kusoshi, kuma tun yanzu na fara kewa.

A layinmu, in kwamfuta ta ƙi tashi bayan ta sabunta manhajarta, maganin ɗaya ne: a goge komai, a zuba sabo, mai ita ya tafi cikin awa guda. Ita kuwa ba ta taɓa na'ura sai ta tambaya, "Me ke cikinta da ba za ka iya rasawa ba?"

Wata Laraba Baba Oyewole, tsohon shugaban makaranta, ya shigo rungume da kwamfutarsa. Tana tsakiyar sabuntawa aka ɗauke wuta, batirin kuma ya daɗe da mutuwa. Tun daga nan ba abin da take nunawa sai wani zobe yana ta juyi. Shago uku sun ce sai gogewa. A ciki kuwa akwai muryar mahaifiyarsa tana rera kirarin zuriyarsu, wanda ya ɗauka kafin ta rasu, kuma babu mai rai da ya san shi har ƙarshe. Ranar Asabar sunan jikansa na fari, a gidansu kuma ba a raɗa suna sai an yi wa jariri kirarin nan.

Ta ce, "Baba, ba ku kwafe shi a wani wuri ba?"

Ya ce, "'Yata, ni alli da allo na sani."

"To ku zauna. Mama ba ta je ko'ina ba tukuna."

Ta kwance na'urar, ta ciro rumbun ajiyarta, ta jona da tata. Ya ƙi buɗuwa. Alhamis ma ya ƙi. Rasaki, mai gyara na shagon gaba, ya leƙo yana dariya: "Anti, gawa kike yi wa allura."

Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai da kake binne masu rai, ina ruwanka?"

Tuwon amalar da na sayo mata nan ta sandare a kwano. Ta gwada wannan hanya, ta sake waccan, fuska daf da gilashin kwamfuta, ido yana ruwa. Sai Juma'a da la'asar rumbun ya buɗe. Ta fara kwafe muryar a filashi biyu, sannan ta cire sabuntawar da ta tsaya a rabi, kwamfutar ta tashi. Da ta danna, muryar tsohuwa ta cika shagon. Baba Oyewole ya cire hula, ya sunkuya zai zube wa Anti Labake, ta riga shi durƙusawa. Ni dai kuka na yi, ba zan ɓoye ba.

Ke ce mai haƙurin da layin nan bai gada ba, Labake. Ke ce kika gane cewa mutum ba ƙarfe yake kawowa gyara ba. Kin ba da idonki kaɗan-kaɗan don kada wasu su rasa abin da ba a sayarwa a kasuwa. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku masu gyara da za ku rage, Rasaki har da kai, ku koyi tambayar nan tata kafin ku kai hannu. Saboda ita ne, ranar Asabar ɗin sunan, matar da ta yi shekara huɗu a kabari ta yi wa tattaɓa-kunnenta kirari har ƙarshe.