Turi a Rafin Kaikai

A-kori-kurar gidanmu turbo ke gare ta, wato na'urar ƙara wa inji ƙarfi, kuma turbo ba ya farkawa sai inji ya ɗau zafin gudu. A kan kwalta ba a kama ta. Amma da mun shiga yashin rafin Kaikai da buhunan gero, sai ta yi lakwas. Mahaifinmu ne ke sauka ya tura, yana kiran duk wanda ya gani a gona. Shekara da shekaru haka muke ƙetarewa.

Yayana bakanike ne a Kankia. Shi ya ɗaura mata sufacaja, wata na'ura da bel ke juyawa, mai hura wa inji iska tun daga tashi, kafin turbo ya karɓa. Da zai ba ni makulli ya riƙe hannuna.

“Ka ji ni da kyau. Yanzu zabura take yi. Kada kowa ya jingina da bayanta, balle Baba.”

Balle Baba! Mutumin da gwiwarsa ke kumbura ko masallaci ya je. Ranar da muka fara fita da ita bayan gyaran, tun daga Kusada nake roƙonsa.

“Baba, don Allah yau ku zauna a ciki.”

“Kai ja mota,” in ji shi.

Muna shiga rafin taya ta fara nutsewa. Kafin in buɗe baki ya dire, ya naɗe hannun riga, ya kafa kafaɗa a baya. Ga damina, ruwa na tsattsafowa ƙarƙashin yashi. In na jira, mu nutse da gero. In na taka, tsoho ya kifa. Na leƙa ina ihu ya matsa, shi ko yana bugun bodi yana cewa in taka. Na ɗora ƙafa a kan totur.

Na taɓa kaɗan. Injin ya yi wani kuka siriri, motar ta fizge, sai ga ni a tudu. Na duba madubi, babu Baba.

Ban ko kashe ta ba na ruga. Yana durƙushe, gemunsa duk yashi. Na tattaɓa gwiwar, na tattaɓa haƙarƙari, ina ta sannu. Ba abin da ya karye. Ya ƙi kama hannuna, ya daɗe yana kallon motar can sama.

“Ashe ita kaɗai ta hau,” ya ce a hankali. “To ni mi zan riƙa biyo ku in yi?”