Ranar da Ɗan'uwa Jacinto Ya Yi Yaren Maya

Shekara goma sha tara Fidelia Cauich ta yi a unguwar talakawa ta kudancin birnin Mérida, tana sayar da wainar masara. Tun ranar da ta sauka daga motar ƙauye ta cusa farar rigarta mai surfani a ƙasan akwati, ta ce wa maƙwabta ita 'yar birnin Veracruz ce, ba ta jin ko "zo" da yaren Maya, harshen mutanen ƙauyensu. Ta gaji da jin ana ce mata 'yar ƙauye.

Talata da Juma'a kuwa sai ta sa wata farar riga daban ta zauna a ɗakin ibadar unguwa, gaban kyandir da furanni, ta rufe ido ta ara wa wani ruhu jikinta. Ɗan'uwa Jacinto ake ce masa, mai maganin Maya ne da ya mutu tun zamanin kakanni. Abin dariya, mutanen da ke toshe hanci in ɗan Maya mai rai ya shigo bas, su ne ke layi gaban mataccen. Da Sifaniyanci yake ba su magani, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Wata Juma'a da hantsi, idonta a rufe, ta ji an zaunar da wata tsohuwa a gabanta. Tsohuwar ta fara bayanin ciwon ƙafa da yaren Maya. Muryar mahaifiyarta ce, wadda ita Fidelia ta hana zuwa birni shekara da shekaru. Ruhu kam ya tafi, ita kaɗai ce a kujerar.

"Kaka, ba ya jin wannan yaren," in ji Doña Remedios mai kula da layi. "Ki nuna wurin kawai."

Amma tsohuwar ta ci gaba, har ta kai inda ta ce ba ta iya zuwa rijiya. Fidelia ta kasa daurewa. Ta kama kumburarriyar ƙafar ta amsa da yaren Maya, tiryan-tiryan, ta faɗa mata ganyen da za ta dafa.

Ɗaki ya kaure. "Jama'a, kun ji? Matar da ba ta jin ko kalma ɗaya! Wannan ai sai ruhu!" Wasu har da kuka. Fidelia ta buɗe ido ta ga ana sumbatar hannunta, ta ga uwar tana kallonta. Kalma ɗaya ta isa ta gyara zancen, ba ta faɗa ba. Kunya ta rufe ta har wuya.

A bakin ƙofa Fidelia ta riski uwar, ta rage murya. "Inna, wa ya kawo ki?"

Tsohuwar ta gyara mayafi, ta amsa a hankali don kada a ji.

"Ba wurinki na zo ba, 'yar nan, kada ki damu. Ki gaishe min da Jacinto. Shi kam ya amsa mini a gaban mutane."